Inda Ba Masaka Tsinke: Jagoran Tsira a Babban Taron Kiɗan Rok

Mutum goma sha ɗayan da suka mutu a birnin Cincinnati na Amurka ranar 3 ga Disamba 1979 ba su kai ga ganin makaɗan da suka je kallo ba. A bakin ƙofa suka cika. Ƙungiyar The Who ta Ingila ce za ta yi wasa a daren, an sayar da tikiti sama da 18,000, kuma mafi yawansu irin wanda ba lambar kujera a jikinsa ne, wanda ya riga shiga shi ke samun gaba. Saboda haka tun da sauran rana matasa suka yi dafifi a waje cikin sanyin hunturu. Da suka jiyo sautin kiɗa daga ciki sai suka ɗauka an fara ba su. Na baya suka matso, ƙofofin da aka buɗe kuwa 'yan kaɗan ne. Su kansu makaɗan ba a gaya musu abin da ya faru ba sai da suka gama wasa suka sauko daga dandamali.

Idan irin wannan ya faru, gidajen rediyo kan ce an yi turmutsutsu, mai sauraro kuma ya hango mutane suna gudu a firgice suna tattake juna. Wani lokaci hakan ne. Amma a yawancin tarukan kiɗan da aka rasa rayuka ba wanda ya yi gudu, don babu wurin gudun. A tsaye mutane ke mutuwa, a matse tsakanin jikkunan 'yan'uwansu, kiɗa na tashi, na nesa da su da taku ashirin suna tafi. Wanda bai gane wannan ba, ko ɗan kallo ne ko mai shirya taro, zai zuba ido yana jiran ganin gudu da ihu, alhali abin da ke kisa shiru yake zuwa.

Abin da matsi ke yi wa jiki

Duk shaƙar iska da za ka yi sai haƙarƙarinka ya ɗan buɗe. To idan an matse ka gaba da baya, da ka fitar da iska sai jikin na kusa da kai ya cike ɗan gurbin da ƙirjinka ya bari, shaƙa ta gaba ta kasa ta baya. Kamar zarge ne, kowane motsi ƙara ja yake. Cikin ɗan lokaci mutum ya suma, kuma ƙwaƙwalwar da ta yi minti huɗu zuwa shida ba iska ta fara lalacewa ke nan. Mutum goma da suka rasu a bikin Astroworld na Houston a watan Nuwamba 2021, ƙaraminsu ɗan shekara 9, duka wannan shaƙewar ta matsi likitoci suka rubuta a kansu.

Ƙarfin ma ba na wasa ba ne. Injiniyan nan Ba'amurke John Fruin, wanda ya daɗe yana nazarin yadda jama'a ke tafiya a tashoshi da matakala, ya nuna cewa ƙarfen shingen da aka tarar ya lanƙwashe bayan irin waɗannan haɗurra sai matsin da ya kai nauyin kilo 450 ke iya lanƙwasa shi. Buhu tara na siminti ke nan. Ba ƙato ɗaya ne ya tura ba, kowa ɗan jingina ya yi, jinginar ta taru ta sauka a ƙirjin wanda ke gaba.

Ma'aunin da masu wannan sana'a ke aiki da shi guda ne: mutum nawa ne a kan murabba'in mita ɗaya. Murabba'in mita ya ɗan ɗara dardumar sallah ta mutum ɗaya. Tsayar da mutum biyu a kai, kowa na sakewa, har rawa ya taka. Uku, an fara gogar juna amma ana iya wucewa. Huɗu, kafaɗa na kan kafaɗa. Biyar ita ce iyakar da Farfesa Keith Still na Birtaniya, ɗaya daga cikin manyan masana taron jama'a, yake ɗauka ga mutanen da ke tsaye wuri ɗaya. Daga shida zuwa bakwai kuwa ka daina zama mai ikon ƙafarka. Taron ya zama kamar ruwa a kwano, in aka taɓa gefe guda sai igiyarsa ta ratsa har ɗaya gefen, ta ɗaga mutum daga ƙasa ta kai shi taku da yawa, wani har takalminsa ya zame.

Alhazanmu sun san wannan igiyar a jikinsu. Wani masani Bajamushe, Dirk Helbing, da abokan aikinsa sun zauna sun yi nazarin hoton bidiyon wurin jifa a Mina na watan Janairun 2006, ranar da mutum sama da 340 suka rasu. Sun ga tafiyar jama'a ta fara a miƙe, ta koma tsaya-tafi, daga nan ta rikiɗe ta zama tangaɗi ta ko'ina, kafin a fara faɗuwa. Dokar jiki ɗaya ce, ba ruwanta da abin da ya tara mutane, ibada ce ko kiɗa ko rabon hatsi.

Faɗuwa ita ce kashi na biyu na masifar. Idan mutum ɗaya ya zame, waɗanda ke jingine da shi sun rasa madogara, sai su rufta kansa, na bayansu su bi, rami ya buɗe a tsakiyar taro yana haɗiye mutane. Haka aka yi a bikin Roskilde na Denmak daren 30 ga Yuni 2000, lokacin da Pearl Jam ke wasa. An yi ruwan sama, ƙasa ta zama taɓo, samari tara suka mutu 'yan taku kaɗan daga dandamali. Na baya kuma ba su sani ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin: mai turawa daga baya ba mugu ba ne, ya ji gaba ta ɗan saki ne ya matsa, bai san mutane ne suka faɗi shi ya sa ta saki ba.

Idan kai ne ɗan kallo

Fara daga gida. Sa takalmi mai igiya wanda ya kama ƙafa, tafinsa ba mai santsi ba. Silifas da takalmi mai tsini su zauna a gida. Kada ka rataya komai a wuya, sarƙa ko igiyar jaka ko dogon mayafi da zai iya sarƙewa a jikin wani ya ja ka. 'Yan'uwa mata masu gyale su naɗe shi yadda in an fizga zai zare, kada ya shaƙe. Sha ruwa sosai, ka ci abinci, domin zafi da ƙishirwa ne ke fara kayar da mutum kafin matsi ya ƙarasa shi. Wanda ya bugu kuwa ya riga ya sayar da rabin ƙafarsa. In kuna da yawa, ku tsayar da wurin haɗuwa a wajen filin tun kafin ku shiga, saboda inda dubban wayoyi suka taru layi kan ƙi shiga. Yaro ƙarami ba shi da abin yi a gaban dandamali, ko a kafaɗar ubansa yake.

Da ka shiga, kafin ka kalli dandamali kalli mafita. Nemi biyu aƙalla, ban da wadda ka shigo ta ita. Ɗabi'ar ɗan Adam ce idan abu ya ɓaci ya nufi ƙofar da ya sani. A watan Fabrairun 2003 wuta ta tashi a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, ƙungiyar Great White na wasa. Akwai wasu ƙofofi, amma yawancin mutane babbar ƙofar gaba suka nufa, suka cushe a bakinta har ta toshe. Mutum 100 suka mutu.

Sai zaɓen wurin tsayuwa. Mafi haɗari shi ne tsakiyar gaba, inda kowa ke hari. Bayansa sai duk inda abu mai tauri yake: jikin shinge, bango, ginshiƙi, kusurwa, bakin matakala, da duk inda hanya ta tsuke. Jikin mutum yana ɗan lotsawa, ƙarfe ba ya lotsawa. Gefe ya fi, ko kuma can wajen rumfar masu daidaita sauti da ke tsakiyar fili. A nan ma kiɗan ya fi daɗi a kunne, don daga nan ake auna shi, abin da masu rububin gaba ba su cika sani ba. Duba ƙasa kuma. Gangare mai zubawa wajen dandamali, ga taɓo, shi ya haɗu da mutum sama da dubu ɗari a Donington ta Ingila a 1988, aka rasa matasa biyu lokacin wasan Guns N' Roses.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba za ka ɗauko ma'auni a tsakiyar taro ba, sai dai jikinka zai gaya maka. In kana iya juyawa ba ka taɓa kowa ba, lafiya lau. In ana taɓa ka ta ɓangare ɗaya ko biyu, zauna da shiri. In ana taɓa ka ta ko'ina, ko ka ga ɗaga hannu zuwa fuska ya zama aiki, ko ka ji ƙafarka ta taka inda ba kai ka aike ta ba, lokacin fita ya yi. Yanzu, ba bayan waƙar nan ba. A nan ne yawancin mutane ke kuskure: sun biya kuɗi mai yawa, sun yi awa shida a tsaye suna gadin wurin, ga mawaƙin da suke jira saura ƙiris ya fito. To wannan ƙiris ɗin shi ne mafi muni, domin lokacin da babban mawaƙi zai hau ne kowa ke dannowa gaba. A Astroworld har agogo aka kunna a allo yana ƙirga mintocin da suka rage, mutane na ta kwarara daga sauran sassan filin. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A ce ka makara, matsi ya riga ya kama ka. Abu na farko, tsaya da ƙafarka ko ta halin ƙaƙa. Ware ƙafafu kaɗan, ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan sake. Waya ta faɗi, hula ta faɗi, takalmi ya cire, bar su. Wanda ya sunkuya ba lalle ya ɗago ba.

Na biyu, ɗaga hannuwanka ka tokare su a gaban ƙirji tun kana iyawa, irin tsayuwar ɗan dambe mai kare kansa. Wannan ɗan tazarar da gwiwar hannu ke samar maka ita ce wurin numfashinka. In hannu ya maƙale a ƙasa, ba za ka iya ɗago shi daga baya ba. Jakar baya a juyo da ita gaba ta zama matashi.

Na uku, kada ka yi kokawa da igiyar. Ba ka da ƙarfin ture mutum dubu, ƙarfinka da iskarka kawai za ka ƙarar. Bi ta inda ta kai ka, kana kiyaye tsayuwarka. Tana zuwa ne tana lafawa, kuma a cikin lafawar ake tafiya. Da ka ji ta saki, zame taku ɗaya ko biyu a karkace, gefe da baya, ta cikin ɗan gurbin da ya buɗe tsakanin mutane. Ta dawo, ka tsaya. Ta lafa, ka ƙara. Haka za ka yi ta saƙa hanya har ka kai bakin taro. Paul Wertheimer, wanda ma'aikacin hukumar birnin Cincinnati ne lokacin haɗarin 1979 kuma daga baya ya mai da tsaron taro aikin rayuwarsa, ya yi shekaru yana shiga tsakiyar irin wannan cunkoson da kansa, kuma wannan tafiya ta karkace ita yake koya wa mutane.

Kada ka ɓata iska wajen ihu, ba mai jin ka a ƙarƙashin waɗannan lasifikoki. Ɗaga kai sama ka shaƙi iska mai sanyi, yi magana da ido da hannu. In kana dab da shingen gaba, ɗaga wa ma'aikatan da ke bayansa hannu, aikinsu ke nan su ciro mutum ta sama. Ba abin kunya ba ne a ciro ka.

In ka faɗi, yunƙura ka tashi nan take, kama duk hannun da aka miƙo. In tashi ya gagara, kwanta ta gefe ka dunƙule, gwiwa wajen ƙirji, hannu ya rufe kai. Kwanciyar rigingine ko rubda ciki ita ce ke ba nauyi damar danne huhu gaba ɗaya. In kuma wani ne ya faɗi kusa da kai, ɗaga shi. Taimako ne, kuma kariyar kanka ce, don ramin da ya buɗe kai ne na gaba da zai haɗiye.

A nan ya kamata a yi wa masu kiɗan rok adalci. Baƙo idan ya ga rawar da suke kira mosh, inda samari ke buɗe da'ira suna bangazar juna, ko ya ga an ɗaga mutum ana miƙa shi bisa kawuna, zai ce ga inda ajali yake. Ana jin ciwo a wurin, gaskiya ne, ana fasa leɓe ana targaɗe. Amma da'irar da ake iya gudu a cikinta akwai sarari ke nan, kuma suna da ƙa'ida da kowa ya sani, wanda ya faɗi a tsaya a ɗaga shi. Matsalarta ita ce mutanen da ke bakinta, don buɗe da'irar na tura su cikin na bayansu. Wurin da ya fi cancantar tsoro shi ne inda ba mai iya motsi ko kaɗan.

Kar ka saki jiki don an tashi. A birnin Minsk na Belarus, ranar 30 ga Mayu 1999, ruwa mai ƙarfi ya sauko kan masu kallon wasa a fili, jama'a suka ruga su fake a mashigar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Matakalar ta jiƙe, na gaba suka zame, mutum 53 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. Jiƙewa ba ta kisa. In an tashi ko hadari ya taso, dakata minti goma ko sha biyar a sarari, bari rububin ya wuce.

Idan kai ne mai shirya taron

Duk abin da aka faɗa a sama dabarar wanda ruwa ya riga ya ci ne. Ainihin aikin yana hannun wanda ya sayar da tikiti, kuma ni ban yarda da maganar da ake yi bayan kowane haɗari cewa 'yan kallo ne ba su da tarbiyya ba. Tun ran gini ran zane. Ɗan kallo ba ya ganin abin da ya wuce ƙeyar na gabansa, mai taro ne ke da taswira da ƙofofi da makirufo.

Lissafi uku ake yi, kuma mafi ƙanƙantar amsa ita ce yawan mutanen da za ka shigar. Na farko, faɗin wurin tsayuwa. Auna filin, cire dandamali da rumfar sauti da rumfunan abinci da bayan gida da hanyar motar asibiti da duk inda ba a hango dandamali, domin ba mai tsayawa a can. Ma'aunin da aka saba da shi a Birtaniya shi ne mutum biyu a murabba'in mita. In abin da ya rage maka murabba'in mita 4,000 ne, mutum 8,000 ke nan. Sai dai ka sani ba za su bazu daidai kamar shanya ba, gaba za ta cika fiye da haka, baya ta zama fayau.

Na biyu, mafita. Littafin tsaron filayen wasa na Birtaniya, wanda aka fara fitarwa bayan mutum 66 sun mutu a matakalar filin Ibrox a 1971, yana lissafa cewa mutum 82 ke wucewa ta faɗin mita ɗaya a minti ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 66 a matakala. In kana son mutum 8,000 su fice cikin minti 8, kana bukatar mafita da faɗinsu ya haura mita 12 a jimlace. Sannan ka ɗauka babbar cikinsu ta toshe, ka sake lissafin ba ita. Na uku, mashiga. Ƙofar juyi ɗaya mutum 660 ake lissafa mata a awa, in ana binciken jaka kuma ba za ta kai haka ba. Mutum 8,000 da suka iso cikin awa ɗaya suna bukatar irinta goma sha uku. In biyar ka tanada, ka gina Cincinnati a ƙofar gidanka. Abin bai tsufa ba: a watan Disamba 2022, a zauren Brixton Academy na Landan, daren wasan mawaƙin Nijeriya Asake, a mashiga aka yi matsin da ya ci ran mutum biyu, 'yar kallo ɗaya da ɗaya daga cikin masu tsaro. Zauren bai sake buɗewa ba sai a 2024.

Buɗe ƙofa da wuri, kuma a kan lokacin da ka sanar. Layi ya zama mai lanƙwasa tsakanin shingaye, kada ya zama tarin mutane a gaban ƙofa. A tace masu tikiti tun daga nesa, yadda marasa shi ba za su iso bakin ƙofa ba. A riƙa yi wa masu jira magana da lasifika, don wanda ya san ba a fara ba, ba ya turi.

Kada masu shiga da masu fita su haɗu a hanya ɗaya. Wannan kuskuren ne ya kashe mutum 21 a bikin Love Parade na Duisburg a Jamus ranar 24 ga Yuli 2010, ya raunata sama da 500. An yi taron a tsohuwar tashar jiragen kaya, hanyar shiga kuwa rami ne na ƙarƙashin titi da gangare guda, ta nan ake shiga ta nan ake fita. Gyaran da Saudiyya ta yi wa gadar jifa bayan 2006, hawa-hawa da hanyar zuwa daban ta komawa daban, amsar wannan matsalar ce.

Shingen gaban dandamali sana'a ce mai zaman kanta. Ba shingen talla da ake jerawa a titi ake sawa ba. Na gaskiya yana da faffaɗan faranti a ƙasa wanda 'yan kallo ke takawa, nauyinsu ne ke riƙe shi, samansa a mulmule yake don kada ya yanki haƙarƙari, bayansa kuma da matakin da ma'aikaci zai hau ya ciro mutum. Tsakaninsa da dandamali a bar lungu mai faɗi inda ma'aikata za su tsaya, suna miƙa ruwa, suna kallon fuskoki. Ma'aikacin da ya juya yana kallon mawaƙi ba ya bakin aiki. A babban taro shinge ɗaya ba ya isa, saboda nauyin mutum dubu hamsin na iya taruwa a layin gaba. Bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 16 a bikin Big Day Out na Sidni a 2001, lokacin wasan Limp Bizkit, masu bikin sun ƙara shinge na biyu mai lanƙwasa wanda ya keɓe gaba. Roskilde ma ta yanka gaban babban dandamalinta gida-gida, ana ƙirga masu shiga kowane gida, in ya cika a rufe. Amma shingen da aka dasa ba tunani shi ma tarko ne. Duk kusurwar da mutum zai shiga ya rasa ta inda zai fita, an haƙa masa kabari.

Sauti da allo ma kayan tsaro ne. In na baya na ji rangaɗau suna gani a manyan alluna, ba abin da zai kai su gaba. In sauti ya mutu a baya, kowa zai matso.

Sai masu ido daga sama. A ɗora mutane a wuri mai tsayi, ko a zaunar da su gaban kyamarori, ba su da wani aiki sai kallon taro. Abin da suke nema: kawuna na tangaɗi tare kamar gero a iska ba bisa kiɗa ba, gurbi ya buɗe farat ɗaya a inda ya cika, fuskoki sun ɗaga sama baki buɗe, mutane na hawa shinge ko turakun fitila. Mai hawan nan galibi ba ɗan iska ba ne, tsira yake nema, kuma mai tsaron da ya tura shi ya koma ciki ya yi babban kuskure.

Tsayar da wasa

Duk wannan ba shi da amfani in ba wanda zai iya kashe kiɗa. A Roskilde saƙo ya bi hannu-hannu kafin ya kai ga makaɗa, kuma da mawaƙinsu Eddie Vedder ya roƙi jama'a su ja da baya, an riga an makara. A Houston wasa ya ci gaba fiye da rabin awa bayan hukumomi sun ayyana cewa mutane da yawa sun jikkata. Mawaƙi yana cikin hasken fitilu masu kashe ido, kunnensa toshe da na'urar jin kiɗa, sau da yawa ba ya ganin komai bayan layin farko. Bai kamata ran jama'a ya rataya a kan ko ya lura ba.

Saboda haka tun kafin ranar, a zauna da mawaƙi da manajansa a rubuta: wane ne, da sunansa, ke da ikon tsayar da wasa. Mutum ɗaya ko biyu, ba kwamiti ba, kuma ba sai sun nemi izinin mai kuɗin taron ba. Ɗaya ya tsaya a gefen dandamali inda mawaƙi ke ganinsa, da alamar da aka yarda da ita. Idan ya ba da alamar, kiɗa ya mutu, makirufon mawaƙi kaɗai ya rage, a kunna farar fitila a kan jama'a. Kashe komai a bar mutane cikin duhu da shiru wata fitinar ce. Mawaƙi, wanda shi suka fi jin maganarsa, ya faɗi abin da ke faruwa a taƙaice ba tare da tsoratarwa ba, ya ce kowa ya ja baya taku uku, a fara daga na can ƙarshe, don na gaba ba su da inda za su ja sai na baya sun ba su wuri. A maimaita a allo da rubutu. Ba a komawa wasa sai mai ikon ya ce a koma. Masu taro kan ji tsoron tarzoma in an tsayar, amma mawaƙa da dama sun tsaya an kuma ci gaba lafiya. Billie Eilish ta tsayar da wasanta a Atlanta a 2022 saboda mutum ɗaya da numfashi ya gagara, ba abin da ya faru sai tafi.

Wanda aka ciro

A kai shi sarari, a kwance masa duk abin da ya ɗaure ƙirji ko wuya. In a sume yake amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, wani ya zauna yana lura da shi. In ba ya numfashi, ko yana wani irin numfashi na fizga jefi-jefi, a aika a kira ma'aikatan lafiya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya iya, bayan kowane danni 30 ya hura masa iska sau biyu a baki, domin rashin iska ne asalin matsalar. Kada a tsaya yayyafa ruwa ko fifita, kada a ɗura wa sumamme abin sha.

Wanda ya fito da ƙafarsa ma kada ya wuce gida kai tsaye in an daɗe ana matse da shi. Jan ido kamar jini ya kwanta, ɗigo-ɗigon ja a fuska da wuya, zafi wajen shaƙar iska, duka alamun matsin ya yi tsanani ne. Naman jikin da aka daɗe ana dannewa kuma yana sakin wani sinadari cikin jini wanda ke iya lalata ƙoda bayan awanni, mutum na ganin ya tsira. In washegari fitsari ya koma kalar shayi, ko ya ragu ƙwarai, ko ƙafa ta kumbura ta yi tauri, a tafi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa cikin matsin taro aka fito.